Sharhi: Bindigar da aka juya da harsashin da aka sake cikawa, wa suke karewa a Agadez?

A makon jiya, cikin shirinmu na yamma da muke buɗe layi ga masu sauraro, wani matashi ya kira mu daga tashar motocin da ke zuwa mahaƙar zinariya. Ya ce ya ga wani bidiyo a wayar abokinsa, wani Bature zaune a ɗakinsa yana tattara kwanson harsashin da ya riga ya harba, yana sake cika su ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa cikin wata tsohuwar libarba irin ta finafinan kaboyi. Sai ya ce, "To malam, in dai haka abin yake da sauƙi, mu me zai hana mu yi? Hanya ba lafiya, harsashi kuma tsada."

Lokacin shirin ya ƙure ba mu ba shi cikakkar amsa ba, mun dai yi masa alkawarin za mu dawo kan maganar. Bayan mun rufe layi saƙonni sun yi ta shigowa, wasu na cewa yaron ya yi gaskiya, wasu na cewa bai kamata ma mu bar irin wannan tambaya ta fita a iska ba. Mu a ganinmu tambayar da aka yi a fili ta fi wadda ake yi a ɓoye, don haka ga amsar. Tun daga farko mu faɗa: ba za mu koya wa kowa yadda ake juya bindiga ko cika harsashi ba, a nan ko a iska. Abin da za mu duba shi ne mene ne wannan abu da ya gani, ina ya haɗu da halin da muke ciki a jahar Agadez, kuma wa ke kwana a ciki idan ya yaɗu.

Abin da ya gani a bidiyo

Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai wani gangan ƙarfe a tsakiya da ke juyawa, kowane rami da harbinsa. Wani Ba'amurke, Samuel Colt, ya yi mata rajista a shekarar 1836. A wancan zamani ba ta cin harsashi irin wanda muka sani. Kowane rami sai an ɗura masa albarushi da dalma da hannu, kamar dai yadda maharbanmu ke ɗura bindigar toka. Da irin waɗannan aka yi yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865, kuma da yaƙin ya ƙare suka yi yawa a hannun gwamnati da na jama'a.

Ana cikin haka harsashi mai kwanson ƙarfe ya fara karɓuwa, wato albarushi da dalma da abin tayar da wuta duk a haɗe wuri guda. Kamfanin Smith & Wesson ne ke riƙe da haƙƙin ƙera libarba mai cin irin wannan harsashi har zuwa 1869. Da wa'adin ya ƙare, maimakon a zubar da tsofaffin bindigogi, sai kamfanoni irin su Colt suka shiga gyara su a masana'anta domin su karɓi sabon harsashi. Daga 1871 aka yi ta wannan aiki. Dalilin a fili yake: gyara tsohuwa ya fi sayen sabuwa araha.

A yau kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta suna ƙera kwafin waɗancan bindigogi, masu sha'awar tarihi a Amurka da Turai suna saye domin wasan harbi. Wasunsu suna sake cika kwanson da suka harba saboda harsashin irin waɗannan tsofaffin bindigogi ba a cika samunsa a kanti ba. Wannan shi ne bidiyon da ya shigo wayar ɗan'uwanmu.

Amma akwai abubuwan da bidiyon minti biyu ba ya nunawa. Na farko, bindigar da ke hannun mutumin nan ta fito daga masana'anta, an gwada ƙarfinta a gidan gwaji na hukuma kafin a sa mata hatimi. Na biyu, yana aiki ne da ma'auni mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, da kayan da aka ƙera musamman domin wannan aiki. Na uku, doka na kansa. A Faransa, alal misali, baligi na iya sayen kwafin libarbar albarushi ba tare da wata doguwar takarda ba, amma da zarar ta koma cin harsashi doka ta ɗauke ta wani makami dabam mai bukatar izini. Duk da wannan tsari, su kansu masu wannan sha'awa abin da suka fi gargaɗin juna a kai shi ne fashewar bindiga a hannu.

Dalilin gargaɗin yana da sauƙin fahimta. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushin zamani marar hayaƙi, wanda ƙarfinsa ya ninka na tsohon baƙin albarushi. Bindigar da aka ƙera domin tsohon ba ta jure matsin sabon. Abin ya yi kama da ɗora wa jaki kayan raƙumi, sai dai a nan idan bayan ya karye, a tafin hannun mai shi yake karyewa, kusa da idonsa.

Mu ma muna da namu tarihin albarushi

Kada wani ya ɗauka wannan labarin Turawa ne kawai. Hanyar ayari da ta taso daga Tarabulus ta bi ta Ghat, ta ratso Abzin zuwa Damagaram da Kano, ta daɗe tana kawo bindiga da albarushi tare da sauran haja. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, ya shahara da tara bindigogi, kuma a zamaninsa an haɗa albarushi an ƙera igwa a cikin birnin Zinder. Har gobe 'yan bindigar sarakuna suna harba bindigar toka ranar hawan Sallah a ƙasar Hausa, maharba kuma suna shiga daji da ita.

Akwai dalilin da ya sa bindigar toka ta daɗe a hannunmu alhali duniya ta wuce wurin. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, suka taƙaita shigar da bindigogin zamani da harsashinsu cikin wani babban yanki na Afirka da ya haɗa da ƙasarmu, suka bar kofa a buɗe ga tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da baƙin albarushi. Sun san abin da suke yi. Wanda ke riƙe da harsashi shi ke riƙe da iko.

Tarihin garin nan ma shaida ne. Lokacin da Kaocen ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadez daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, bindigogin zamani da igwar da ya zo da su daga wajen Sanusiyya na Libiya suka fito. Abin da ya biyo bayan karya ƙawanyar, kisan malamai da mutanen gari da watsewar jama'a, iyayenmu da kakanninmu sun ba mu labari. Wato hanyar da makami ke bi daga arewa zuwa nan ta girmi kowa a cikinmu.

Juyin da ake yi a yau

Ba mu ce libarbar kaboyi ta cika kasuwar Agadez ba. Amma irin tunanin da ya haife ta, wato a ɗauki abin da ba a ƙera domin harsashi ba a tilasta masa cin harsashi saboda araha, yana nan tare da mu ta fuska biyu.

Fuska ta farko ita ce bindigar tsoratarwa. Ƙaramar bindiga ce da ake ƙerawa domin ta yi ƙara kawai, ba ta fitar da dalma. Masana'antun Turkiyya suna ƙera su da yawa, an kuma shigar da su Libiya da yawa bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva, cikin rahoton da ta fitar kan Nijar a watan Janairu na 2018, ta ambaci irin waɗannan bindigogi da aka juya suka koma harba dalma a cikin makaman da ke shigowa ƙasar nan daga Libiya. A ido ba ka bambanta su da ta gaske. Shi ya sa suke da farin jini wurin matashin da ba shi da kuɗin Kalashnikov amma yana son abin da zai soke a ƙugu.

Matsalar ita ce jikinsu. Da yawa ana yin su ne da ƙarfe mai taushi, dangin wanda ake yin mariƙin ƙofa da shi, domin wanda ya ƙera su bai yi lissafin za su ɗauki matsin harsashi ba. Tana iya yin harbi na farko da na biyu lafiya, a na biyar ta tsage. Babu wanda zai iya gaya maka a wane harbi ne, har shi wanda ya sayar maka. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Fuska ta biyu ita ce bindigar gida, ƙirar maƙera. A ƙasashen yammacin Afirka da dama, daga Mali da Burkina Faso zuwa Gana da Najeriya, ƙirar bindiga ta tashi daga ta toka mai ɗuri ta baki ta koma mai cin harsashin farauta. Wasu ma suna kwaikwayon siffar bindigogin soja. Irin waɗannan suna haurowa daga kudu, suna haɗuwa da waɗanda ke gangarowa daga arewa, mu kuma muna tsakiya.

A nan ya kamata mu yi adalci ga maƙeranmu. Maƙeran Agadez duniya ta san su ne da azurfa, da sarƙar nan ta Agadez da ta zama alamar ƙasa, da takobi da sirdin raƙumi. Kada wannan sharhi ya sa a riƙa yi musu kallon zargi. Abin da muke tsoro shi ne tun da baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa kasuwarsu ta faɗi, kuma mai sana'ar hannu da ke cikin matsi shi ne wanda mai mugun nufi ke fara nema. Kare su daga wannan jarabawa aikinmu ne duka.

Harsashi shi ne abincin bindiga

Yanzu mu zo kan inda maganar take da nauyi. Bindiga tana iya shekara hamsin tana aiki. Harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Duk mai bindiga, soja ne ko ɗan fashi, kullum cikin neman harsashi yake, kuma ranar da ya rasa, abin da ke hannunsa ya zama sanda.

Mu tuna ranar 25 ga watan Satumba na shekarar 2000. A nan Agadez, a gaban shugaban ƙasa Mamadou Tandja, aka cinna wutar zaman lafiya, aka ƙone bindigogi sama da dubu ɗaya da tsofaffin 'yan tawaye suka miƙa, bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 da waɗanda suka biyo bayanta. Mutanen Timbuktu sun riga mu yin irin wannan a 1996. Rana ce ta alfahari, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan sharhi suna wurin, wasunmu muna 'yan lakwal a lokacin. Amma shekaru shida da 'yan watanni bayan haka, a watan Fabrairu na 2007, aka kai hari Iferouane, tawayen MNJ ya tashi, bai lafa ba sai 2009. Bayan shekara biyu kuma rumbunan makaman Libiya suka buɗe.

Darasin da muka ɗauka shi ne ƙona bindiga yana da kyau amma bai isa ba muddin hanyar harsashi a buɗe take. Mun saba da ƙirga bindigogi. Idan jami'an tsaro suka yi kamu, hoton da ake nunawa bindigogi ne a jere a kan tabarma, harsashi kuma a zube gefe guda kamar ƙari. Alhali harsashin nan yana da bakin magana. A gindin kowane kwanso akwai alamar masana'antar da ta ƙera shi, sau da yawa har da shekarar. Da wannan alama masu bincike irin na ƙungiyar Conflict Armament Research suke bin sawu, har suka nuna cewa makaman da ke yawo a Sahel ba daga Libiya kaɗai suke fitowa ba, wasu daga rumbunan gwamnatocin yankin suka sulale, ta hanyar kwasar ganima a barikoki ko ta hannun marasa amana.

To ka ga inda sake cika kwanso yake da haɗari ga al'umma gaba ɗaya. Kwanson da aka sake cikawa yana ɗauke da sunan masana'antar farko, amma abin da ke cikinsa na wani ne da ba a san shi ba. Idan aka kashe mutum da shi, shaidar da aka tsinta a ƙasa ƙarya take faɗa. Sannan duk ƙoƙarin da duwan da jandarma ke yi na tare harsashi a kan hanya yana raguwa daraja idan ana iya cika shi a bayan gida.

Ga mai harbin kansa kuma haɗarin ya fi kusa. Harsashin da aka cika da ka, ba ma'auni, da duk wani gari mai kama wuta da aka samu, yana iya yin ɗayan uku. Ya ƙi tashi a lokacin da mai shi ya dogara da shi. Ko dalmar ta maƙale a cikin bututu, harbi na gaba ya tarar da ita. Ko ƙarfin ya wuce kima bindigar ta tarwatse. Ka haɗa wannan harsashi da bindigar da aka juya, ka tara rauni biyu wuri ɗaya. Sannan ka tuna inda ake riƙe ta: a Djado ko Tchibarakaten, ɗaruruwan kilomita daga likitan da zai iya ɗinke jijiya ko ya ceto ido. Kuma wanda bindigar haram ta ji wa ciwo yakan ɓoye raunin saboda tsoron tambaya, sai ya ruɓe sannan a kawo shi. Ma'aikatan lafiya sun san wannan hali.

Me ya sa mutane ke nema

Zai zama rashin gaskiya mu tsaya a gargaɗi ba mu saurari rabin maganar matashin nan ba, inda ya ce hanya ba lafiya. Ai bai yi ƙarya ba.

Jahar Agadez ta fi rabin faɗin ƙasar Nijar. Tun da aka gano zinariya a Djado a 2014, sannan a Tchibarakaten, dubban mutane suka kwararo daga kowace jaha da ƙasashen maƙwabta. Inda zinariya da tsabar kuɗi ke tafiya cikin mota a hamada, 'yan tare hanya na biye. Hukuma ta rufe Djado a 2017, amma sha'awar zinariya ba ta rufu ba. Dokar nan ta 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure ta tura direbobi bin ɓoyayyun hanyoyi nesa da rijiyoyi da idon soja, kafin a soke ta a watan Nuwamba na 2023. Ayarin motocin da soja ke rakawa zuwa Dirkou yana taimakawa, amma ba kowa ke iya jiran ranar ayari ba, kuma ba kowace hanya ke da rakiya ba. A cikin gari ma, sace wata 'yar ƙasar Ostiriya a watan Janairu na 2025 da wata 'yar Suwizalan a watan Afrilu ya girgiza mutane, domin an ga abin ya shigo har cikin unguwa.

Makiyayin da aka kore wa raƙuma, direban da aka sauke aka bar shi da jarka ɗaya ta ruwa, mai haƙar da aka ƙwace wa guminsa na wata shida, idan suka ce suna son abin kare kai ba za mu ce musu mahaukata ba. Wasu daga cikin masu aiko mana da saƙo ma sun ce gwamnati ta sauƙaƙa ba da izinin riƙe bindiga ga mutanen kirki, tunda miyagu ba sa neman izini. Magana ce da ta cancanci a tattauna ta.

Amma mu auna ta da hankali. 'Yan fashin hamada suna zuwa ne cikin mota mai gudu, su da yawa, da Kalashnikov. Mutum ɗaya da ƙaramar bindigar da aka juya, wadda ba ta da saiti kuma ba a san ko za ta tashi ba, me zai yi musu? Abin da ya fi yiwuwa shi ne fashin da zai ƙare da asarar dukiya ya ƙare da asarar rai. Inda wannan ƙaramar bindiga take yin aiki da gaske shi ne a kusa: rigimar rami tsakanin abokan haƙa, saɓani kan bashi, faɗan samari a kan budurwa, harbin murna a wurin biki, ko yaron da ya ɗaga matashin kai ya tsinci abin da ya ɗauka na wasa ne. An saye ta domin baƙon ɓarawo, ta ƙare a kan na gida. Kalashnikov ita ce babbar masifar daji, wannan ba musu. Ƙaramar kuwa ita ce ke shiga aljihu ta wuce shingen bincike ta kwana a ɗakin da 'ya'yanmu ke kwana.

Ina doka ta tsaya

A dokar Nijar riƙe bindiga ba tare da izinin hukuma ba laifi ne mai kai mutum gidan kaso, kuma wanda aka kama da wadda aka juya ba zai kare kansa da cewa asalinta ta tsoratarwa ce ba. Tun 1994 ƙasar nan take da hukumar tattara haramtattun makamai da sa ido a kansu, wato CNCCAI, wadda ta yi aikin karɓar makamai da cire nakiyoyi a arewa.

A matakin yanki, yarjejeniyar CEDEAO kan ƙananan makamai da aka sa wa hannu a Abuja a watan Yuni na 2006, ta fara aiki a 2009, ta ambaci harsashi ƙarara. Ta bukaci a sa masa alamar da za a iya bin sawunsa, a yi rajistar masu ƙera makami na cikin gida, ƙasashe kuma su riƙa musayar bayani. To Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, sun kafa haɗin gwiwar AES. Ba muhawarar ficewa muke yi a nan ba. Tambayarmu ta aiki ce: harsashin da ya taso daga kudancin Libiya ya ratsa Agadez ya nufi Zamfara, ko bindigar gida da ta hauro daga kudu, ba su san an fita daga wata ƙungiya ba. Ya kamata AES ta samar da nata tsarin kan alamar harsashi da rajistar maƙera, a kuma ci gaba da magana da Najeriya da Aljeriya da Chadi a kan wannan batu ko da an saɓa a wasu. Nijar tana cikin yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya tun 2015, kuma a watan Disamba na 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wani tsari na kula da harsashi tun daga ƙera shi har zuwa lalata shi. Wato akwai inda za a dafa.

Abin da muke roƙo

Ga magabata, roƙonmu na farko tsaron hanya ne, domin muddin mutum na ganin ba mai kare shi, wa'azi ba zai raba shi da makami ba. A ƙara ranakun rakiya zuwa wuraren haƙa, a samar da inda mai zinariya zai sayar ko ya ajiye kuɗinsa kusa da rami domin ya daina tafiya da dukiyarsa a ƙugu. Na biyu, duk kamun da aka yi a rubuta alamun harsashin kamar yadda ake rubuta lambar bindiga, a kuma tsaurara ƙidaya a rumbunan gwamnati. Na uku, a buɗe ƙofar da mutum zai miƙa makamin da ke hannunsa ba tare da fargabar za a ɗaure shi ba, ta hannun masu unguwa da hakimai da fadar Sarkin Abzin, waɗanda jama'a suka amince da su. Na huɗu, a zauna da ƙungiyoyin maƙera da masu walda a matsayin abokan aiki, a ji damuwarsu, domin su ne za su fara sanin ranar da wani ya zo da baƙon aiki.

Ga ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro tare, a samu fahimtar da za ta sa wanda ya ji rauni ya zo likita da wuri. A fara ceton hannun, tambaya ta biyo baya.

Ga iyaye, musamman iyaye mata da suka fi kowa sanin abin da ke cikin ɗaki: idan yaro ya dawo daga daji da jakar da ba ya son a taɓa, a tambaye shi. Idan yara sun tsinci harsashi ko kwanso a bayan gari, kada a bari su yi wasa da shi ko su jefa a wuta, a sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro mafi kusa. Masu sayen tsohon ƙarfe su ma su lura da wanda ke zuwa neman kwanso kaɗai.

Ga ɗan'uwanmu da ya kira kuma, ga amsarka. Baturen da ka gani wasa yake yi, a ƙasar da aka gwada bindigarsa aka san sunansa, kuma motar asibiti na iya isa ƙofarsa cikin mintuna. Kai kuwa neman abinci ka fita, da hannu biyu da ido biyu, kuma su ne jarinka. Akwai waɗanda ke jiran abin da za ka aiko. Ka bi ayari, ka haɗa kai da abokan tafiya, kada ka ɗauki dukiya mai yawa kai kaɗai, ka bar wa na gida labarin hanyar da ka bi da ranar da za ka isa. Waɗannan ba su da kwarjinin bindiga, amma sun fi ta dawo da mutane gida.

Za mu sake buɗe layi kan wannan batu a shirinmu na mako mai zuwa, da Hausa da Tamajaq, kuma mun aika goron gayyata ga jami'an tsaro da wakilan maƙera da na direbobi. Mai ƙorafi ko shawara ya shirya. Allah ya ba mu zaman lafiya a Abzin da ƙasa baki ɗaya, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya.